Fijonmu Ba Ta Mutu Ba, Mai Ne Bai Iso Ba

Mu a Hanwa ba ma saurin fid da rai da tsohuwar mota. In Fijo 504 ta tsaya cak tsakanin Kwangila da Samaru, kafin mai ita ya gama ɗaga bonet mutane sun kewaye shi, kowa da nasa maganin a baki. Ai dole, yawancinmu a cikinta muka tashi. Tun da kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna a 1975, malaman Jami'ar Ahmadu Bello da ma'aikatan gwamnati suka cika unguwannin nan da ita, wasu har yau suna hannun 'ya'ya da jikoki.

Tambayarmu ta farko ba ta canzawa: "Alhaji, wuta ce ko mai?" Sai a ɗiga ɗan fetur a bakin kafireto, a yi kik. In ta tashi ta yi gurnani ta sake ɗaukewa, to wuta lafiya lau, a ƙyale filogi da kwayil. Mai ne ba ya isowa.

A nan ake raba gari. Yaran gareji su ce, "Oga, a kwance kafireto kawai." Dattijon bakanike ya girgiza kai: "Kai yaro, bi man daga gidansa." Mu kuwa bayan dattijo muke. A fara buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska fuu, kafar numfashinsa ta toshe, shi ya sa mota take tafiya kaɗan ta shaƙe. Daga nan a zare tiyon da ke shiga kafireto, a zura shi a kwalba, a sake kik. In mai yana tsartuwa da ƙarfi, famfo na da rai. In ɗigo yake yi, a ciro filta a ɗaga ta a rana, sau da yawa za ka ga jan tsatsa ya kwanta a ciki kamar garin barkono. In filta tas take, a zaro sandar gwada baƙin mai a shinshina. Warin fetur a jikinta na nufin robar cikin famfo ta yage, tana zubar da fetur cikin inji. Sai an wuce duk waɗannan muke yarda a taɓa kafireto, jet ɗinsa ma da iska ake hurawa, ba a zura masa waya, don kada kafar ta buɗe mota ta koma shan mai.

Kowane lokaci da irin tasa matsalar. Da hunturu ƙura ce. Da damina ruwa ke taruwa a gindin tanki. Da bazara, wajen Maris da Afrilu, fetur kan zama tururi a cikin tiyo in an daɗe a cunkoso, sai ka ga an jiƙa tsumma an ɗora a kan famfo, a ɗan jima mota ta tashi.

Amma maƙwabta, mu faɗa wa juna gaskiya, rabin ciwon nan daga hannunmu yake. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita biyu ko uku muke zubawa, kullum mota na tsotsar dattin ƙasan tanki. In dare ya yi mu tsaya wajen 'yan bumburutu, a juye mana jarka ko tacewa babu. Wanda ya ga yadda gurɓataccen man Fabrairun 2022 ya kwantar da motoci a ƙasar nan bai kamata a yi masa dogon bayani ba.

Haka ɗora galan a kan rufin mota a jawo tiyo kai tsaye zuwa kafireto. Dabara ce ta kai mota gareji, ba ta kai yara makaranta ba, tartsatsi ɗaya ya isa. Zuƙar fetur da baki ma mu daina sa yara, guba ce ga huhu.

Filta ba ta da tsada a shagunan kayan mota na Sabon Gari. A riƙa ajiye ɗaya a mota tare da guntun tiyo da sukuddireba, a sauke tanki a wanke in tsatsa ta yi yawa. Yaranmu da ke koyon duba mota da kwamfuta kuma, mu riƙa tura su su zauna da dattawan da suka san Fijo ciki da bai. Muddin akwai mai iya bin mai daga tanki har inji, motocin nan za su ci gaba da kai mu kasuwa da biki da gaisuwa.