Yadda Ake Zaɓen Tocilar Mota a Abuja

Direban da taya ta taɓa fashe wa bayan sallar isha'i tsakanin Lugbe da Siti Get ba ya bukatar a karanta masa amfanin tocila. Ya riga ya durƙusa a gefen titi mai layi goma, waya a baki, yana lalube da hannu yana neman notin da ya gangara ƙarƙashin mota, motoci na wucewa ta bayansa da gudun da ke kaɗa masa riga. Abin ya faru da mai wannan rubutu kwanan nan, kuma har yau gwiwarsa na ɗauke da shatin tsakuwar wurin. Don haka ba sai an tsaya bayanin cewa dare duhu gare shi ba.

Shawara ta farko: a sayi ta goshi. Canza taya aikin hannu biyu ne, wani lokaci har da ƙafa, idan mai facin da ya taɓa motar a ƙarshe ya ɗaure notin kamar yana da gaba da wanda zai kwance. Tocilar hannu tana cinye hannu guda. In an ajiye ta a ƙasa sai ta mirgina ta haska ciyawa, in an ba yaro ya riƙe sai ya haska duk motar da ta wuce. Mai tsire da mai shayi da mafarauci sun daɗe da gano maganin wannan, sun ɗaura fitilarsu a goshi, duk inda suka juya haske ya bi su. Akwai manyan mutane a garin nan da ke ganin wannan zubar da girma ne, ga babbar riga ga zanna bukar. Wanda yake tsugune gaban jak da ƙarfe goman dare, girmansa na gida yana jiransa. Ya cire hular ya ajiye a kujera. Abin dubawa kawai shi ne kan fitilar ya zama mai lanƙwasawa ƙasa, don kada duk wanda ya tsaya taimako a kashe masa ido tun kafin ya gama sallama.

Shawara ta biyu ta shafi lambobin da ke jikin kwali, kuma a nan ake yi wa mutane fashi da rana tsaka. Ma'aunin hasken fitila sunansa lumen. Ƙwan fitilar gaba na mota, irin halojin ɗin da ke yawancin tsofaffin motocin Abuja, yana ba da lumen 1,000 zuwa 1,500 ko kusa da haka, kuma batirin mota da injin da ke caza shi ne ke ciyar da shi. To sai ga yaro a gosulon Nyanya da Mararaba ya cusa wa direba wata 'yar tocila ta taga, jikin kwalinta an rubuta 100,000. "Alhaji, daga nan har Keffi take haskawa." Da gaskiya ne da ta narke a hannunsa. Aikin taya da duba lagireto da haɗa wayar batir lumen 200 zuwa 400 ya ishe shi, kuma tocilar da ta rubuta 300 ta fi kusa da gaskiya da wadda ta jera sifiri biyar. Haka batirin da ke cikin yawancin masu caji, ɗan dogon nan mai lamba 18650: na ƙwarai bai cika wuce mAh 3,500 ba. Wanda aka rubuta wa 9,900 ƙarya ce aka naɗe da leda mai kala, in aka ɗaga shi ma sai a ji ba nauyi. Araha ba ta ado, a nan kuma ba ta haske.

Ba laifin yaron ba ne, abincinsa yake nema a cikin hayaƙi. Laifin na wanda ya zauna ya ƙera tocilar da ke da rediyo, da fanka, da jiniya, da wurin saka memori, da guduma, da wani ɗan kamfas da ke nuna gabas ta kowace fuska. Duk tana yi sai haske. Mafi ban haushi kuma maɓalli. Danna ɗaya haske mai ƙarfi, danna biyu mai rauni, na uku walƙiya, na huɗu ja da shuɗi, na biyar kiran agajin jiragen ruwa a garin da ba shi da teku. Kafin a kashe ta sai an bi duka. Mutum na ƙarƙashin mota, goshinsa ya taɓa ƙarfe, sai fitila ta koma ja da shuɗi, masu wucewa su ɗauka shingen bincike ne su taka birki ba shiri. Wa ya roƙi wannan? Tocilar mota maɓalli ɗaya take bukata mai kunnawa da kashewa, in an yi alfarma a ƙara matakin rage haske don batir ya daɗe. Idan mai shago a kasuwar Wuse ya fara lissafa abubuwa bakwai da tocila ke yi, a yi masa godiya a ƙara gaba.

Ta uku zafi ne, kuma ita ce aka fi mantawa. A watan Maris zafin Abuja na kusantar digiri 40, motar da aka rufe a rana a filin ajiye motoci na Sakatariya kuwa cikinta na iya haura 60. Batirin litiyom mai caji ba ya son wannan. Yana tsufa da wuri, cajinsa na zurarewa a hankali, marar kyau ma yakan kumbura. Batirin alkalin shi kuma yoyo yake yi, ya fitar da wani farin gari mai cin ƙarfe, ya lalata sifirin, ya like a ciki har sai an nemo wuƙa. Batirin Tiger na rediyon mai gadi yana da ranarsa, amma ba ranar kwana wata shida a mota ba. Abin da ya fi shi ne fitilar da ke cin ƙananan batura AA ko AAA, a nemo mata na litiyom waɗanda ba a caji, don suna jure zafi har digiri 60 kuma suna shekaru a ajiye ba su mutu ba. Tsada gare su, samun na ainihi ma sai an yi yawo. Wanda bai samu ba ya sayi alkalin, amma ya ajiye su a wajen fitilar, cikin 'yar leda, ya riƙa canzawa duk ƙarshen damina da ƙarshen bazara. Wanda ya nace sai mai caji, ya tabbata bakin cajinta iri ɗaya ne da na wayarsa, ya kuma raba ta da saman dashbod.

Ta huɗu ruwa. Daga Afrilu zuwa Oktoba taya ba ta jiran a ɗauke ruwan sama. A nemi alamar IPX4 a jikin fitilar, ita ce mai jure feshi. IPX7 tana jure nutso na mita ɗaya tsawon minti 30, wanda ya kai ga bukatar haka kuwa matsalarsa ta wuce tocila.

Wani zai ce ai wayarsa na da fitila. Tana da ita. Ita ce kuma za a kira bakanike da ita daga Apo, a kira gida, a kira 122 ta jami'an kiyaye haɗurra ko 112 in abu ya yi tsanani, alhali cajinta ya sauka zuwa kashi 9 tun a ofis. Ban da haka, mutumin da ke tsaye shi kaɗai a ƙarƙashin gadar Mabushi ko kan gangaren Kugbo yana ɗaga waya mai haske sama talla yake yi wa masu fizge. Garin da mutane ke leƙa fuskokin fasinja kafin su shiga tasi saboda 'yan fashin wan-cans ba wurin wannan tallar ba ne.

A nan fa dariya ke ƙarewa. Tun 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a Abuja, birnin da aka zana a takarda kafin a aza tubali, aka shimfiɗa masa tituna masu faɗi da sandunan fitila jere reras. Sandunan suna nan. A wurare da yawa hasken ne babu, an sace waya, an kwance ƙwan, wani wurin an tumɓuke sandar ɗungurungum. A Janairun 2025 satar murafen ramukan magudanar ruwa ta kai inda aka rufe kasuwannin panteka na mako biyu, aka hana 'yan baban bola yawo a cikin birni. Ma'anar wannan ga direba mai sauƙi ce kuma mai tayar da hankali: wanda ya fito daga mota cikin duhu ya ja da baya taku uku yana iya samun kansa a cikin rami. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, kuma a Titin Kubwa da dare 100 ɗin nan na masu haƙuri ne. In hazon hunturu ya sauka, mai tahowa ba zai ga mutum a tsugune ba sai ya zo kansa. Magidanci ya biya haraji, ya biya kuɗin takardun mota, sannan a bar shi ya zo da fitilar titinsa a aljihu! Mutane na mutuwa a gefen titunan nan suna canza taya, kuma duk sandar da ta mutu akwai wanda aka ba kwangilar kula da ita.

Saboda haka, ta biyar ce ko ta shida, hasken da mutum ke gani da shi daban, wanda ake ganinsa da shi daban. A kunna fitilun gargaɗi na mota tun kafin a buɗe ƙofa, a kai alamar nan mai kusurwa uku nesa sosai, taku sittin ko fiye, ba a jingine ta da bamba ba kamar yadda aka saba. Riga mai ƙyalli irin ta masu share titi ba ta da tsada. Reshen bishiya da ake watsawa a kwalta da rana yake aiki, da dare ba mai ganinsa.

Sauran shawarwarin, na launin haske da na maganaɗisun da ke manne fitila a bonet, a bar su. Ba su da amfani muddin ba a magance babbar matsalar ba, wato gida.

Abin da ya fi kashe tocilar mota ba zafi ba ne, ba ruwa ba. Ɗauke wuta ne. Ana ɗaukewa da magariba sai a ji murya daga ɗaki: "Abba, ina makullin mota?" Aro ne na minti biyar, a duba janareto. Daga janareto ta wuce kicin, daga kicin ta raka wani banɗaki, daga nan ta zama fitilar aikin gida na 'yar aji huɗu. Mai gadi ya gan ta ya yaba. Ƙanen uwargida da ya zo daga Zariya neman aiki ya gano tana da daɗin karatu. Ba wanda ya sata, kowa aro ya yi, kuma kowa ya rantse ya mayar. Maigida kuwa yana yawo tsakanin Gwarinpa da Garki da cikakken yaƙinin cewa tana aljihun ƙofa, sai daren da ya miƙa hannu ya ciro tsohon rasit da murfin biro. A shekarar 2024 kaɗai babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau da dama, kuma kowace faɗuwa ta kwashe tocilolin motoci masu yawa zuwa cikin gidaje.

Faɗa ba ya magani, don mutanen gidan ma duhun ne ya dame su, kuma suna da gaskiya. Sai a sayi biyu. Ta gida ta zama babba, mai kyan gani, mai caji, in so samu ne ma mai rediyo da fanka, a miƙa ta ga uwargida a gaban kowa. Ta mota ta zama ƙarama marar sha'awa. Kada a binne ta a but ƙarƙashin safaya, don a daren da ake bukatarta akwai buhun doya daga Gwagwalada a kanta, kuma sai an yi haske kafin a kai ga hasken. Wurinta cikin jakar takardun mota, tsakanin inshora da lasisi, a durowar gaba inda hannun direba ke kaiwa yana zaune. Yara sukan binciko cingam a ƙarƙashin kujera, sukan gano canjin da aka ɓoye a mazubin tokar sigari, amma jakar inshora ba mai buɗe ta sai jami'in da ya tsayar da mota a Berger.