Waɗanda Ake Kai wa Kukan Intigireshan

Ɗalibin kimiyya ko injiniya a shekarar farko ta jami'a yakan shiga kalkulas da fara'a, domin difaranshiyeshan yana da ladabi: ka bi ƙa'ida, amsa ta fito. Ranar da malami ya zana doguwar alamar nan mai lanƙwasa, ∫, wadda Leibniz ya fara rubutawa a 1675, ranar fara'a ke ƙarewa. Intigireshan sai an yi hasashe, an gwada, an soke, an sake. Dole a nemi taimako, masu taimakon kuwa kowa da halinsa.

Akwai Gwani Mai Gaggawa. Ka kai masa ∫ x eˣ dx, ko zama bai yi ba zai ce, "Haba mutumina, ai wannan a fili yake," ya rubuta x eˣ − eˣ. Abin haushin, amsar daidai ce. Ka tambaye shi ta ina ya bi, sai ya sake rubuta maka ita da manyan baƙi, a zatonsa matsalar ido ce ke damunka.

A bayansa Sarkin C yake tsaye. Shi bai iya warware komai ba, amma zai jira ka cika shafi biyu da gumin goshi, sannan ya miƙo yatsa: "Malam, ina C ɗinka?" Gaskiyarsa, domin duk lambar da ba ta canzawa sifiri take komawa in an yi mata difaranshiyeshan, kuma malamai na zabge maki a kan haka. Sai dai ko an sa wa tambaya iyaka daga 0 zuwa 1, inda C ke kashe kanta, shi sai ya neme ta.

Wanda ya fi cinye wa mutane dare shi ne Mai Bai-fats. Dabara ɗaya, bai-fats (integration by parts), ya koya daga littafin Stroud, Engineering Mathematics, wanda ya gada daga yayansa ba bango, kuma ita yake ba kowa, kamar mai kemis da ke ba da farasitamol ga mai zazzaɓi da mai targaɗe. In ya zo zaɓen u sai ya ɗauki eˣ ya bar x, x ta zama x², ya sake, ta zama x³, yana cewa, "Ka yi haƙuri, ta kusa fitowa." In ka ba shi ∫ eˣ sin x dx kuwa, ka samu wurin zama. Zai yi zagaye biyu ya ga tambayar da ya baro ta dawo masa cif, ya ce Shaiɗan ne, ya sake zagaye biyu. Da ya tsaya a karo na biyu ya kwaso ta zuwa ɓangaren hagu ya raba da biyu, da tuni ya samu rabin eˣ(sin x − cos x) ya tafi ya kwanta. Har a kira asalatu yana nan yana zagaye, kai kuma kana riƙe masa tocila.

Ɗan Waya ba ya taɓa biro. Ya ɗauki hoton tambayar, ko ya buga ta a WolframAlpha, amsa ta fito tsaf. Ka ce ya nuna maka matakan, ya ce wannan sai an biya. Kafin ku gama gardama data ta ƙare, caji ya bi ta. Ranar jarrabawa ana karɓe wayoyi a bakin ƙofa, za ka hango shi yana kallon silin.

Mai Tarihi ba ya cutar da kowa sai lokaci. Ka tambaye shi yadda ake musanya x da u, ya gyara zama ya faro daga 1665, lokacin da annoba ta kori Newton daga Kambirij zuwa ƙauyensu. Ya gaya maka Leibniz ne ya riga bugawa a 1684, ya kawo ka kan kwamitin 1712 da ya ba Newton gaskiya a rigimarsu kan wanda ya fara gano kalkulas, alhali Newton ne shugaban ƙungiyar da ta kafa kwamitin. Duk gaskiya ne, ko ɗaya ba ya fitowa a jarrabawa.

Masu neman taimakon ma ba waliyyai ba ne. Akwai wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa sha biyun dare, gobe jarrabawa, ya ce, "Injiniya, don Allah taƙaita min kwas ɗin." Ƙa'ida ɗaya ya haddace, a ƙara ɗaya a kan fawa a raba da ita, har ya haɗu da 1/x ya tsinci kansa yana raba abu da sifiri, ya rantse malami ne ya yi kuskuren bugu. Akwai kuma Mugu, wanda zai kawo maka intigireshan na e mai fawa −x² da fuskar tausayi, ya san sarai ba a iya rubuta amsarta da sanannun alamomin lissafi, irin abin da aikin Liouville ya tabbatar tun shekarun 1830. So yake ya ga guminka.

Sai wata ɗaliba da ke zama a layin gaba, ba ta da yawan magana. Ka kai mata amsarka ka ce ta duba, ba za ta karɓi takardar ba. Cewa za ta yi, "Yi mata difaranshiyeshan mu gani. In ta mayar da kai kan tambayar, ka ci." Ka yi, ka ga alamar ɗebewa ta ɓata tun layi na uku, ka gyara da hannunka. Layin masu zuwa wurinta ya fi na kowa gajarta, domin 'yan aji sun ce ba ta da taimako, mutum take sa wa aiki.