Lahadinmu ta Texas sujada biyu ce

Dattijon cocinmu ne ya tayar da maganar ranar da muke zaune ƙofar gidansa a Arlington, muna hango rufin filin wasan Dallas Cowboys daga nesa. Ya ce shi fa ya gano mu, ranar Lahadi sujada biyu muke yi, kuma ta biyun ba mai makara.

Matarsa ta ce, "Dattijo, da wa kake? Ba kai ne makon jiya ka duba agogo sau uku Baba Fasto yana tsakiyar wa'azi ba?"

Aka kwashe da dariya, don duk mun san dalili. Wasannin farko a nan ƙarfe 12 na rana ake fara su, daidai lokacin da fasto ke cewa "a ƙarshe". To amma fa kada mu ci zalin fasto. Wasan nan na ƙwallon ƙafar Amurka minti 60 ne a agogo, kashi huɗu na minti 15, sai ka ga an kai awa uku ana abu ɗaya. Minti biyun ƙarshe kaɗai suna iya cin rabin awa, ba mai tsaki. Baba Fasto ya ƙara minti goma, sai tari ya tashi daga bencin baya.

Da muka zo ƙasar nan raina abin muka yi. Ƙwallo kamar gwanda, ana kiranta ta ƙafa ana rungume da ita a ƙirji, ƙarti goma sha ɗaya kowane ɓangare suna kokawa kamar rikicin kan iyakar gona. Yau ga mu mun fi koci sanin aikinsa, kamar yadda muka fi fasto sanin ayar da ya kamata ya karanta. In 'yan wasa suka haɗa kai suna ƙus-ƙus kafin su kai hari, sai in tuna taron dattawan ikilisiya, illa dai su cikin daƙiƙa kaɗan suke watsewa.

Wani ɗan'uwa ɗan Katolika ya gyara zama ya ce ai su ma wasan ya ci bashinsu. A Disamban 1975 Roger Staubach na Cowboys ya wurga wata doguwar ƙwallo ana dab da tashi a wasansu da Minnesota Vikings, Drew Pearson ya cafe, suka ci. Da aka tambaye shi sai ya ce rufe ido ya yi, ya karanta addu'ar gaisuwar Maryamu. Har yau duk jifan da aka yi na neman sa'a, da sunan addu'ar nan ake kiransa. Matar Dattijo ta ce irin addu'armu ke nan, sai ruwa ya kai wuya. Tsohon filin Cowboys na Irving ma, wanda aka rushe a 2010, da rami a tsakiyar rufinsa, mutanen gari suna cewa wai don Allah ya riƙa kallon ƙungiyarsa ne. Ni dai na ce Allah ya gafarta musu.

Maganar kujera kuwa ba a daɗe a kai ba. A fili ta gaba ake rububi da kuɗi masu nauyi, a coci kyauta ce kuma ƙura ke zama a kanta. Dala 20 a jakar baiko hannu har rawa yake yi, amma ko wurin ajiye mota ba za ta biya ba ranar babban wasa.

Inda na sara wa mutanen nan shi ne bangaskiya. Rabon Cowboys da ɗaukar kofin Super Bowl tun Janairun 1996, yaran da aka haifa shekarar yanzu da nasu 'ya'yan, amma kowace Satumba za ka ji ana cewa bana tamu ce. Ba su sake ƙungiya ba. Mu kuwa a hana mutum waƙa ɗaya a kwaya, Lahadi mai zuwa yana wani cocin.

Dattijo ya yi shiru, can ya ce zai roƙi Baba Fasto a mayar da sujada ƙarfe tara, wai saboda zafin rana. A watan Nuwamba muke.