Zaman Sulhu: Wa Ke Kan Kujera, Wa Ke Bakin Tabarma

Rigima a ƙasar Hausa tana da matakala. Daga zauren mai unguwa ta hau na dagaci, ta wuce gaban hakimi, kafin a kai ga alƙali. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa Zauren Sulhu, ga kuma Hukumar Hisba da aka yi wa doka a 2003, wadda sasanta ma'aurata da maƙwabta ke cikin aikinta na kullum. Amma yawancin sulhunmu ba ya kai can. A soron babban gida ake yinsa bayan la'asar, ga goro a faranti, ga buta a gefe. Kuma ba sai an buɗe baki ake sanin wanda zai yi nasara ba. Duba wanda aka jawo wa kujera, ka duba wanda aka bari a bakin tabarma kusa da takalma. Ga waɗanda ba a rasawa a wurin.

Baba A-Yi-Haƙuri. Shi ne shugaban zama, kuma shi na fi shan wuya a hannunsa, ko da yake ba na iya ƙinsa. Yakan fara da gyaran murya, ya tuna maka cewa shi ya yanka ragon sunan mahaifinka, sannan ya kawo harshe da haƙori, ya bi da zo mu zauna zo mu saɓa. Daga nan ya yi alƙawarin kowa zai faɗi albarkacin bakinsa. Alhaji ya ɗauki magana tun rana na sama, Baba na jan carbi yana cewa, "Na'am. Haka ne. Ikon Allah." Da aka zo kan birkilan da ya kawo ƙara, bai gama sallama ba Baba ya leƙa waje: "Taƙaita, ɗana, magariba ta kawo jiki."

Baba yana da sikeli a ka, sai dai ba magana yake aunawa ba, masu maganar yake aunawa. In ƙarami ne mai gaskiya, hukuncin a shirye yake: bin na gaba bin Allah, ai yayanka ne. In kuwa babban ne mai gaskiya amma ƙanen ne ya gina wa masallacin unguwa banɗaki, sai karin magana ta juya: kai ne babba, babba juji ne. Haka ma bashi. In Alhaji ake bi, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Birkila ya yafe rabi, sauran rabin kuma in Allah ya hore, sannan ya ba da haƙuri a kan ɗaga muryar da ya yi a ƙofar gidan mutane. In birkilan ake bi, nan take Baba zai tuna cewa mai bashi ba ya kwanciyar kabari da daɗi, don haka a biya kafin Juma'a.

Wani lokaci gyangyaɗi kan sace shi a tsakiyar ba da bahasi, carbi ya tsaya cak a hannu. Da ya farka sai ya yanke hukunci, kuma abin mamaki, daidai yake da wanda zai yanke da a farke yake. Ranar da Baba ke shiga uku ita ce ranar da aka kawo masa biyu masu nauyi ɗaya, attajiri da attajiri. A ranar ba ka jin karin magana ko guda. Sai ya ɗage zama zuwa bayan Sallah, don a ga wanda zai fara kawo gaisuwa.

Alhaji Don-Darajar-Baba. Turarensa ke riga shi shigowa, bayan kowa ya gaji da jira. Zai jera wayoyi biyu a gabansa, ɗaya ta yi ƙara, ya ɗauka: "Ranka ya daɗe, ina wani ɗan zama ne, zan kira." Ba a faɗi wanda ya kira ba, amma kowa ya gyara zama. Maganarsa ta farko ita ce shi don darajar Baba ya zo. Ba a taɓa jin ya ce ya yi laifi ba, iyakarsa, "In ma an ga kamar an yi kuskure, to ya wuce." Wa ya yi kuskuren? Sai dai a tambayi iska. Kuɗin goro kuwa tun kafin hukunci yake ajiye su a ƙarƙashin darduma.

Wakili. Alhaji ya tafi Umara ko Abuja, ya turo shi. Ba shi da ikon amincewa da komai, amma yana da cikakken ikon ƙin komai. Kalmarsa ɗaya ce: "Zan isar."

'Yan amshin Shata. Marigayi Mamman Shata ya bar duniya tun 1999, amma 'yan amshi ba su yi ritaya ba. Suna jingine da bango, kuma wuyansu na juyawa ne inda kujera take. Alhaji ya yi tari, su ce gaskiya ne.

Gwaggo Mai Tarihi. An taru a kan kwata da ke malala ƙofar gida, ita kuwa ta zo da lissafin wata akuya da ta ci dawa shekarar da aka yi canjin kuɗi, 1984. Ba ta da kuɗi, ba ta da sarauta, amma ta san sirrin kowa, har da sadakin da ba a cika ba. Ko Alhaji yana sassauta murya in ta gyara mayafi.

Hajiya ta Bayan Labule. A rikicin mata da miji ba ta shigowa soro, ba ta ma buƙata. Mutum yana da ma'aikata ɗari a ƙarƙashinsa a ofis, ya amince a gaban dattawa zai je biko gobe, sai murya ta fito daga cikin gida: "In dai ni na haife ka..." Ba ta ƙarasawa. Nan take zaman awa uku ya rushe.

Ɗan Boko Za-Mu-Haɗu-A-Kotu. Ya haddace babi na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, yana kuma ɗaukar murya a waya a ɓoye cikin aljihu. Kuɗin lauya ne kawai ba shi da su. Bayan mako biyu za ka gan shi a soron Baba, hula a hannu.

Mai Allah-Ya-Isa. Ba ya jayayya, ba ya kawo shaida. Ya san faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa, shi kuma wasan ne ba zai iya ba. Yana jin hukunci zai tashi, ya kaɗe rigarsa, ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ba a ɗage zama. Abin lura, wannan kaɗai ke tsorata masu kujera. Za ka ga an bi shi har waje: "Haba, ai ba ta kai ga haka ba, janye."

Mai Biro. Shi ake miƙa wa takarda ya rubuta yarjejeniya, saboda wai hannunsa na da kyau. Ya ga komai, ya gane komai, ya rubuta "an sasanta cikin lumana" ya sa hannu a matsayin shaida, ya ci goronsa. Jarumtakarsa ba ta tashi sai ya koma gida ya zauna rubuta wa mujalla sharhi a kan halin mutane. Kada mu daɗe a kansa, yana da iyali.

Duk waɗannan ana iya dariya da su. Akwai wanda ba na iya yi wa dariya: Mai Zumunci. Shi ake kira idan baffa ya riƙe gonar marayu shekara da shekaru, ya sayar da fuloti biyu a ciki, yaran suka girma suka tambaya. Shi ake kira idan yarinya ta yi yaji da kumburarren ido. Ya san gaskiya sarai, don a bayan fage zai ja ka gefe ya ce, "Wallahi ku ke da gaskiya." Amma a cikin taro abin da zai tambaya shi ne wa ya zuga yaran nan, kuma ina tarbiyya. A bakinsa zumunci nauyi ne da ake ɗora wa maraya shi kaɗai, rufin asiri kuma na wanda ya yi ɓarna ne. Sai ya sa wanda aka cuta ya durƙusa a gaban wanda ya cuce shi, a shafa fatiha, ya tafi gida yana ganin ya samu lada.

Bai samu ba, kuma ba ni na faɗa ba. Suratun Nisa'i da ta yabi sulhu ita ce kuma ta yi kashedi mai tsanani a kan cin dukiyar maraya. Wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari, wadda ɗaliban shari'a ke karantawa har yau, ta umarci mai hukunci ya daidaita mutane a wurin zama da kallon fuska, don kada babba ya sa ran za a karkata gare shi, kada mai rauni ya fid da rai da adalci. Ta kuma ce sulhun da ya halatta haram ba sulhu ba ne. Abin da Mai Zumunci ke yi binne rigima ne da ranta. Shi ya sa 'ya'yan waɗanda aka sasanta a soro suke cika kotunan gado bayan shekara ashirin, ba sa ko gaisawa a jana'iza.

Saura mutum ɗaya, wanda ba kowane zama ake dace da shi ba. Yawanci wani tsoho ne da ba ya bin kowa bashi, ba a binsa, ba ya kuma neman kujerar Makka a wurin kowa. Yana zaune shiru har a gama, sannan ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ba ka da gaskiya. Biya yaron nan kuɗinsa." Soro ya yi tsit, 'yan amshi su rasa inda za su kalla, Baba ya shiga neman butarsa. Sau da yawa kuma a biya, don Alhaji ma ya san gaskiyar, jira yake a samu mai faɗa masa. Kowa zai yaba wa tsohon a hanyar komawa gida, a ce irinsu sun yi ƙaranci. Zama na gaba kuwa, sai a manta a aika masa.