Yadda Ake Gasa Sabon Katin Girafik Ba Tare da Gawayi Ba

Ka yi tari, ka danne zuciya, ka sayi sabon katin girafik, ko don buga gem ko don bidiyon bikin da kake haɗawa ya daina tsaitsayawa. Yanzu sai ga wani ɗan baƙin ciki yana tambaya: "Fawa-fak ɗinka zai ɗauka kuwa?" Kada ka kula shi. Fawa-fak ai akwatin ƙarfen nan ne mai fanka da ke maƙale a bayan kwamfuta, aikinsa kawai ya karɓi wutar bango ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3, ya raba wa kowa. Ba ya ƙara wa gem gudu, kuma ba wanda ya taɓa zuwa gidan aboki ya ce a nuna masa shi. Me zai sa a kashe masa kuɗi? Ga matakan da za ka bi idan kana son katinka ya nuna lugub cikin ƙanƙanen lokaci.

Mataki na farko: yarda da abin da ke jikin kwali

Idan an rubuta wat 500 da manyan baƙaƙe, to 500 ne, magana ta ƙare. Lambar nan kirari ce, kuma maroƙi bai taɓa kiran mai gida matsiyaci ba. Abin da za ka guje wa shi ne ƙaramar takardar da aka manna a gefen akwatin, domin a can ake tonon asiri. Katin girafik da furosesa kusan duk abincinsu daga layin bolt 12 yake, don haka layin da aka rubuta +12V shi ne ainihin ƙarfin akwatin. Wanda ya ninka bolt da amfiya zai sami wat. Idan takardar ta ce amfiya 18, to 12 sau 18 ya ba da wat 216. Sauran fa? An tara su a layin 5 da 3.3, inda kwamfutar zamani ba ta cin abin kirki, ko kuma suna cikin zuciyar mai buga kwalin. Fawa-fak na ƙwarai mai wat 550 yakan ba da amfiya 45 ko kusa da haka a layin 12, wato kusan duka abin da ya yi alkawari. Amma wannan bincike ne, bincike kuwa yana hana barci.

Mataki na biyu: kada ka tambayi katin abin da yake ci

Tambayar baƙo yawan cinsa rashin kunya ne. Masu rashin kunyar sun gano cewa GTX 1650 wat 75 yake ci, RTX 4060 kuma 115, RTX 3060 yana lashe 170, tsohon RX 580 da ya cika kasuwar gwanjo yana shan 185, RTX 3080 kuwa 320. Nvidia da kanta ta ce a tanadar wa 3060 fawa-fak mai wat 550, a tanadar wa 3080 mai 750. Ɗauki 3060 ɗin, ka ƙara furosesa mai wat 65 irin Ryzen 5 3600, ka ƙara kamar 50 na madabod da fankoki da ma'ajiya, ka doshi 290 ke nan. Akwatinka na mataki na farko 216 gare shi. Giɓin da ke tsakani sai a cike shi da fatan alheri.

Mataki na uku: in babu filogi, a nemo adafta

Ramin da ake soka katin a madabod wat 75 kawai yake bayarwa. Duk katin da ya fi haka ci yana da baki a gefe: filogi mai ido shida yana kawo ƙarin 75, mai ido takwas yana kawo 150. Za ka laluba wayoyin fawa-fak ɗinka ka tarar babu ko ɗaya. Mai hankali zai fahimci cewa waɗanda suka ƙera shi suna gaya masa a fakaice cewa ba da su za a yi wannan tafiyar ba. Kai kuwa sai ka nufi kasuwa. Da ɗan canjin da ya rage za ka sami adaftar da ke mayar da filogin SATA ya zama mai ido takwas. An tsara filogin SATA ya ɗauki kimanin wat 54 a layin 12, kai kuma za ka tura masa 150 ta siririyar waya. Robar za ta yi laushi, ta yi baƙi, ɗakin ya ɗauki ƙauri. Idan uwargida ta leƙo ta ce me ke ƙonewa, ka ce maƙwabta ne ke ƙona shara.

Mataki na huɗu: sitika ta wadatar

Nemi tambarin 80 Plus, in ka gan shi ka kwanta da minshari. Tsarin ya fara a 2004, kuma abin da yake aunawa shi ne kada akwatin ya ɓarnatar da fiye da kashi 20 cikin ɗari na wutar da ya sha ta zama zafi. Bronze da Gold da Platinum matakan wannan tsimin ne. Tambarin bai yi rantsuwa a kan ingancin kafasitocin ciki ba, bai kuma ce akwai matakan kariyar da ke yanke wuta idan lodi ya yi yawa ko waya ta haɗu ba. A 2021 masu gwajin Gamers Nexus sun nuna wasu samfuran Gigabyte, GP-P750GM da GP-P850GM, suna fashewa da tartsatsi a kan teburin gwaji, alhali da tambarin Gold a jikinsu, har kamfanin ya buɗe ƙofar musanya su. Wannan fa mai suna ke nan, mai tambarin gaske. Naka da sunansa bai taɓa fitowa a ko'ina ba, sitikarsa ma a karkace, bar shi da halinsa. Ɗaga shi ka ji: in ya yi sakayau kamar ba kowa a ciki, ka gode, ba zai wahalar da kai a hanya ba.

Mataki na biyar: in ta mutu, ɗora wa wani

Katin zamani ba ya cin wuta a natse. A cikin ƙiftawar ido yakan zabura ya ja kusan ninkin abin da aka rubuta masa, ya koma. Saboda wannan hali ne ma'aunin ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ya buƙaci manyan fawa-fak su jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan mitsitsin lokaci. Akwatin kirki da ya gaza yakan kashe kansa ya tsirar da jama'a. Don haka za ka ga kwamfuta lafiya lau wajen rubutu da kallon YouTube, amma da an shiga gem, wuri ya yi wuri, sai ɗif. Gargaɗi ne, kuma kyauta. Amsar da ta dace ita ce ka zagi 'yan NEPA ko da ƙwan ɗakin bai ƙifta ba. In ta sake, ka sauke Windows ka ɗora sabuwa. In ta kuma, ka fara tunanin wane ne a unguwa bai taya ka murnar sayen katin ba. Ci gaba da kunnawa. Akwatin araha da ba shi da kariya ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod da katin su raka shi.

Mataki na shida: ba shi yanayi mai kyau

Ƙarfin fawa-fak yana raguwa idan ya yi zafi, kuma da yawa daga cikin masu araha a ɗaki mai sanyi aka auna lambarsu. Kai kuma a watan Afrilu za ka ɗora masa lodi, lokacin da zafin Kano da Sakkwato ke haura digiri 40. Bar ƙurar hunturu ta toshe fankarsa, kada ka hure. Jona shi kai tsaye da ƙaramin janareta, ba sitabilaiza ba UPS, injin na tari shi ma yana tari. Idan kwamfutar gwanjo ce daga Amurka mai ɗan jan makunni a baya, kada ka duba ko yana kan 115 kafin ka ba ta wutarmu ta 230. Wannan ita ce hanya mafi sauri, ko katin ba sai ka saka ba. Masu tsofaffin Dell OptiPlex na ofis kuwa an rage musu aiki: da yawansu wat 240 ko 290 ne, babu filogin kati, wasu kuma filogin madabod ɗinsu na kamfanin ne shi kaɗai, sabon fawa-fak ba zai shiga kai tsaye ba.

Ga masu taurin kai

Akwai waɗanda duk da wannan nasiha suke son katinsu ya yi tsawon rai. To, gaskiyar ita ce araha kala biyu ce. Akwai ƙaramin akwati mai faɗin gaskiya, akwai babba a baki. Mai wat 450 na kamfanin da aka sani, mai garanti da filogi mai ido takwas nasa na kansa, zai riƙe kati irin 4060 da furosesa matsakaici ba gardama. Kwamfutar ofis kuma a nema mata katin da ramin madabod kaɗai ke ciyar da shi, kamar GTX 1650 marar filogi ko RTX 3050 mai gigabait 6. Wanda ya hango 3080 kuwa, ya sa kuɗin fawa-fak cikin kuɗin katin tun daga farko. In ba su kai ba, ya sayi ƙaramin kati ya huta, kada garin neman gira a rasa ido. A karanta layin +12V, a haɗa lissafi, a bar rarar kamar kashi ɗaya cikin uku.

Tsohon akwatin da ka cire kuma, kada ka kwance shi don ganin abin da ke ciki, kafasitocinsa suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an zare shi daga bango. Kada kuma ka ba ƙanenka kyauta, sai fa in akwai rigimar gado a tsakaninku.