Hutun Tsibiri a Tudun Wada: Asalinsa, Ƙa'idojinsa da Tsarabarsa

Hutun tsibiri tafiya ce da mutum ke yi da kuɗin aljihunsa, ba don fatauci ko neman magani ko ibada ba, zuwa wata 'yar ƙasa da ruwan gishiri ya kewaye ta ko'ina, ya shiga jirgin ruwa ya yi ta zagaya tsibirai kwana biyar ko bakwai, sannan ya dawo gida da hotuna da bashi. A Tudun Wada ta Minna al'adar baƙuwa ce, ta cikin waya ta shigo. Sunan unguwar ma ya isa shaida: tudu ce, a ƙaramar hukumar Chanchaga, tsakaninta da teku ɗaruruwan kilomita. Ruwa mafi faɗi da magidanci ke hulɗa da shi kullum shi ne wanda ɗan garuwa ke turowa a kura, kuma ko shi sai an yi ciniki.

Kalmar hutu ita ce ta fara kawo ruɗani. A ma'anarta ta gado, hutu shi ne ma'aikaci ya kwashi iyali zuwa ƙauye, ya yi gaisuwar rasuwa uku, ya halarci suna biyu, ya raba rikicin gona, ya dawo Minna a gajiye fiye da yadda ya tafi. Saboda haka da aka fara jin cewa akwai masu biyan kuɗin jirgin sama don su je su kwanta a kan yashi, majalisun unguwa suka rabu biyu. Wasu suka ce ai yashi tifa guda ake sayarwa, a juye wa mutum a ƙofar gida. Sauran suka yi shiru, suna lissafin yaushe ɗaukar adashinsu za ta zo.

Wurare uku ne suka fi yawo a baki: Maldibs, Zanzibar da Seshels, duk a tekun Indiya. Maldibs tsibirai ne kusan 1,200, babban birninta Male, mutanenta Musulmi tun ƙarni na 12, abin da ke sauƙaƙa wa Alhaji samun amincewar uwargida. Matsakaicin tudun ƙasar bai wuce mita ɗaya da rabi a saman teku ba, wato mutumin Tudun Wada na barin tudu na gaskiya ya biya dala don ya kwana inda babu tudun mun tsira. Zanzibar ɓangaren Tanzaniya ce tun 1964, ƙasar kanumfari, kuma ita ce mai dama-dama a farashi. Seshels kuwa, mai tsibirai 115, tana da tsohon tarihi da manyan Afirka ta Yamma. A 1900 Turawan Ingila suka kai Sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, can gudun hijira na dole, bai ga Kumasi ba sai 1924. Abin da a wancan zamani ake yi wa sarki don a hukunta shi, yau shi ake sayar da fili a Bosso don a samu na mako guda.

Dangantakar Bahaushe da waɗannan tsibirai ta girmi waya nesa ba kusa ba, sai dai ta aljihu ce. Wuri, wanda jam'insa ya ba Hausa kalmar kuɗi, ɓawon wata 'yar halittar teku ce, kuma wanda aka daɗe ana kashewa a kasuwannin ƙasar Hausa daga ruwan Maldibs aka tsamo shi. Ibn Battuta ya zauna can wajen 1343, ya yi alƙalanci, ya auri mata huɗu, ya ga yadda ake tara wurin, daga baya kuma ya iske shi ana saye da sayarwa da shi a Mali da Gawo. Shi ne matafiyi na ƙarshe da aka sani ya je Maldibs ya fito da riba. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake canjin dalar azurfa guda. A tsakiyar wannan ƙarni ne 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wani wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar, jirgi bayan jirgi, har darajarsa ta zube, ya zama sai an ɗauki ɗan dako kafin a kai kuɗin sayen doki kasuwa. A 1904 gwamnatin Lugard ta hana shigo da shi. Idan aka bi wannan lissafi, mai hutun tsibiri ba almubazzari ba ne kamar yadda maƙwabta ke zargi. Kuɗi ne suka yi ɗaruruwan shekaru a baƙunci, shi kuma ya ɗauki nauyin raka su gida.

Tafiyar tana da ƙa'ida, kuma ta farko ita ce ɓoyewa. Ba a sanar da kowa kafin a tashi, saboda baki, saboda kuma dangin da za su tuna da kuɗin makarantar 'ya'yansu a daren. Abin da ake faɗa shi ne, "Zan ɗan leƙa Abuja." Wannan ba ƙarya ba ce, domin ta can ake tashi. Hanyar Minna zuwa Suleja kuma tana da nata amfanin: duk wanda cikinsa ya jure ta ya riga ya yi rabin horon igiyar ruwa.

Kayan tafiya ma an san su. Akwai shadda kala biyar, hula uku, tabarau baƙi da aka saya a Kasuwar Kure, sai kuma jakar da Hajiya ta haɗa: kilishi, yaji, garin kunu, dambun nama, man shanu a robar da aka ɗaure bakinta da leda sau uku. Wandon iyo ba ya cikin lissafi. Bahaushen da ya haura arba'in ba ya nuna gwiwarsa ga teku, balle ga Turawa.

A kan ruwa ne ake gane wane ne wane. Jirgin da ake zagaya Zanzibar da shi na katako ne, irin na Larabawan da, mai doguwar sanda da babban ƙyalle mai kusurwa uku da iska ke turawa. Matuƙansa samari ne marasa takalmi, masu tafiya a gefen jirgi kamar a tsakar gida. Alhaji yakan shiga da ƙafar dama, da bisimilla a bayyane, cikin babbar riga mai aska takwas. Minti goma na farko na hoto ne: hannu ɗaya a kan sanda, ido can nesa, kamar shi ya gano tsibirin. Daga nan gaɓa ta fara ƙanƙancewa, iska ta shiga babbar riga ta cika ta tim, har matuƙi ya roƙe shi ya zauna don jirgin ya fara bin rigarsa maimakon ƙyallen. Sai jiri ya zo. Sai kilishin safe ya nemi hanyar fita. A nan ne mutumin da ma'aikata ke miƙewa tsaye in ya shigo ofis yakan rungume wani yaro ɗan shekara goma sha tara, yana tambayarsa da Hausa zalla ko akwai sauran tafiya.

Hajiya, wadda aka yi zaton ita za ta fara kuka, yawanci lafiyarta ƙalau, tana ɗaukar bidiyo.

"Alhaji, ɗago kanka mana, yara za su gani."

"Ke dai ki yi ta salati. Kashe abin nan."

Ba ta kashewa. Wannan bidiyo ba ya fita sitatus, amma yana zama a wayarta shekara da shekaru, kuma masu lura da zaman aure sun ce yakan yi tasiri duk ranar da aka tayar da zancen ƙarin mata.

Matsalar alƙibla tana biyo baya, domin jirgi juyawa yake yi, manhajar waya kuma ta rikice. Malamai sun daɗe da warware hukuncin: ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, matafiyi kuma yana ƙasaru. Abin da littafi bai faɗa ba shi ne ɗanɗanonsa a wajen kurkurar baki. Abinci ma jarrabawa ce. Akan kawo faranti ɗauke da ƙaguwa, jatan lande da wata halitta mai hannu takwas, Alhaji ya dube su, su ma kamar suna dubansa, ya ce a ba shi farar shinkafa kawai. Da yajin gida ake ƙarasa hutun.

Hotuna ba a sakinsu lokaci guda. Mai hankali yakan ɗauki ɗari uku cikin kwana biyar ya riƙa fitar da su ɗaya-ɗaya har wata shida, ta yadda yana layin mai a Tunga amma a Facebook yana shan ruwan kwakwa. Wannan ya haifar da rukuni na biyu, masu hutun tsibiri ba tare da fasfo ba. Su dam ɗin Tagwai ya ishe su. Akan tsaya inda ruwa ya cika bayan hoto, a yanke shanun da ke sha a gefe, a rubuta "Alhamdulillah" kawai, a bar mutane da zatonsu. Babu wanda ya yi ƙarya, babu kuma wanda ya faɗi gaskiya.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne jihar Neja ba matalauciyar ruwa ba ce. Tafkin Kainji, da ya samu bayan kammala dam a 1968, ya haura murabba'in kilomita 1,200; ya haɗiye tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806, da tsibirin Foge, aka tayar da dubun-dubatar mutane. Daga cikinsu akwai Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya fito, wato tsibiri, mutanen da suka yi zaman tsibiri kaka da kakanni ba su taɓa kiransa hutu ba. Ga dam ɗin Shiroro a kan kogin Kaduna tun 1990, ga na Jebba, ga na Zungeru, ga Kede na ƙasar Nufe da suka riƙe sufurin kogin Kwara da kwalekwale tun kafin jirgin ƙasa ya haɗa Baro da Kano ta Minna. Amma ka ce wa Alhajin da ya dawo daga Zanzibar ya shiga kwalekwale a Zumba, zai ce shi ba ya wasa da ruwa. Ruwan gida, a ganinsa, yana da mutanen ɓoye, na waje kuwa an biya.

Tsoron nasa ba duka ne abin dariya ba. Kusan kowace damina sai an ji jirgi ya kife a kogin Kwara ko na Kaduna da 'yan kasuwa ko 'yan biki, saboda lodi fiye da kima, tafiyar dare da rashin rigar kariya. Rigar nan da ake rabawa a gaɓar kogunan jihar wasu su ƙi sawa don kada a ce ba su da tawakkali, ita ce Alhaji ya nemi a ba shi biyu a tekun Indiya, ya ɗaura ɗaya a kan ɗaya, a saman babbar riga.

Dawowa ita ce mataki mafi tsada. Wanda ya dawo daga Makka an san abin da zai raba: dabino, zamzam, tasbaha, jallabiya. Tsibiri ba shi da tsarabar da aka yarda da ita, ba ya kuma ƙara wa mutum laƙabi a gaban suna. 'Yan majalisa sukan zo sannu da zuwa, su zauna, su jira.

"Ranka ya daɗe, an ce ruwan har ƙasansa ana gani?"

"Kamar madubi. Ni na riƙa tuƙa jirgin ma wani lokaci."

Hajiya na jinsa daga ɗaki, ba ta cewa komai.

Daga ƙarshe akan fito da abin da aka samo: ƙullin kanumfari, wanda mai shayin bakin titi ya ce irinsa yake sawa, da sarƙoƙin wuri da aka saya da dala a shagon filin jirgi, kowace ɗaya a cikin 'yar takarda mai ƙyalli. Idan akwai tsohuwa a gidan, takan karɓi tata ta juya a tafin hannu, ta ƙirga da babban yatsa biyar-biyar yadda ta ga kakarta na yi, ta kai ashirin, ta tambaya nawa aka saya. In aka faɗa mata a naira, sai ta ce a zamanin kakarta wannan ko ƙosai na kirki ba zai saya ba, kuma masu kayan koli na bayan kasuwa suna da shi cike da kwano. Sannan ta ɗaure shi a bakin zane, ta tambayi ko an zo mata da dabino.