Mutanen da ke Kewaye da Tsirkiya Shida

A kiɗan rok na Ingila da Amurka akwai wani ɗan guntun kiɗa da makaɗan jita ke kira rif: sauti huɗu ko biyar, wani lokaci bakwai, da ake bugawa a farkon waƙa a yi ta maimaitawa har ya maƙale a kunne kamar ƙarangiya a gefen riga. Shi ne ke sa a gane waƙa tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Duk wanda ya bi tarihin shahararrun rif zai tarar da yawansu daga tsautsayi, rashi ko magagin barci suka fito. Amma masoyansu ba su yarda da haka ba. Kowane ya kafa mazhabarsa, yana rantsuwa cewa sirrin yana wani wuri mai tsada ko mai wuya, kuma makullin na aljihunsa.

Wanda ya fi kowa rashin laifi a cikinsu shi ne ɗan koyo na shagon jita. Zai shigo ranar Asabar ba ko sisi a jikinsa, ya ce a sauko masa da jitar da ta fi kowacce tsada, ya murɗa amfilifaya har ƙarshe, ya kama "Smoke on the Water" ta ƙungiyar Deep Purple. A tsirkiya ɗaya yake bugawa, alhali Ritchie Blackmore biyu-biyu yake tsinka su da yatsu, kuma kullum a sauti na shida yake tuntuɓe ya koma farko. Mai shago ya ji wannan abu sau dubu, har fuskarsa ta daina nuna komai. Wahalar ta yi suna har fim ɗin Wayne's World na 1992 ya nuna shago da allo a bango mai haramta buga "Stairway to Heaven". Duk da haka ɗan koyon nan shi ne shaida ta farko: kiɗan da yaro zai iya lalatawa cikin mako guda kuma a gane shi, ai ba ƙaramin gini ba ne. Ita kanta "Smoke on the Water" gobara ce ta haife ta. A Disambar 1971 wani ɗan kallo ya harba bindigar tartsatsi a gidan cacan Montreux na Switzerland yayin da Frank Zappa ke wasa, ginin da Deep Purple suka zo ɗaukar faifai a ciki ya ƙone ƙurmus, suka zauna suna kallon hayaƙi a saman tafki. Gaba ta kai su, gobarar Titi.

Sai attajirin kaya. Wannan yakan kai shekara hamsin da 'yan kai, aikinsa na ofis ya yi albarka, ya keɓe ɗaki guda a gida ya jera jitoci a bango kamar kwanon jere. Ya san irin itacen da aka fafe Gibson Les Paul ta 1959 da shi, ya san dalilin da ya sa ake sayar da ita kuɗin gida, zai kwana yana bayani kan wayar da ta fi fitar da sauti "mai ɗumi". Ka ce ya buga maka wani abu, sai ya ce bari kwalaben amfilifaya su yi zafi tukuna. Aƙidarsa ita ce kyakkyawan kiɗa sayensa ake yi. To amma wannan ƙazamin ruri na "You Really Got Me" da ƙungiyar Kinks ta fitar a 1964, wanda ake ɗauka kakan duk wani kiɗa mai nauyi, ta yaya aka same shi? Dave Davies, yaro ɗan shekara 17, shi ya ɗauki reza ya tsattsaga takardar lasifikar wata 'yar ƙaramar amfilifaya. Tony Iommi na Black Sabbath kuwa, injin wata masana'antar ƙarfe a Birmingham ne ya datse masa kan yatsu biyu a ranarsa ta ƙarshe ta aiki. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya nemi tsirkiya marar kauri, daga baya ya sassauta ta don rage zafi, sai sautin ya yi ƙasa ya yi duhu. Attajirin kaya na kashe dukiya don ya kwaikwayi abin da reza da rauni suka samar. Har a Nijar, Mdou Moctar, wanda yanzu ke cika zauruka a Turai da Amurka, jitarsa ta fari da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta.

Akwai kuma sarkin sauri, wanda ke auna makaɗi da yawan sautin da ya zuba cikin daƙiƙa. Gashi har kafaɗa, fuska a murtuke kamar mai ciwon haƙori, yatsu na gudu ba mai kamo su. Yana raina rif, wai abin yara ne. Idan ya gama sai a tafa, a fita, ba wanda zai iya rera abin da ya ji ko a banɗaki.

Mai tsara jeri ya fi shi surutu. Ba ya taɓa jita, amma yana da "manya ɗari" a kansa, kuma zumunci na iya tsinkewa idan ka ɗora Jimmy Page a kan Jimi Hendrix. A wurinsa kowane rif aikin hazaƙa ne da aka yi shekaru ana sassaƙawa. Ba ya son a tuna masa cewa Keith Richards na Rolling Stones cikin dare ya farka a 1965, ya buga rif ɗin "Satisfaction" a 'yar rakoda ya koma barci, da safe ya tarar sauran kaset ɗin minshari ne zalla. Shi Richards ma bai nufi jita ta ɗauke shi ba, so ya yi a busa shi da ƙaho. Slash na Guns N' Roses kuma wasa yake da yatsu yana ba abokai dariya, suka ce tsaya, sai ga "Sweet Child o' Mine". Ɗan'uwan mai jeri shi ne dattijon da ya yi wa kiɗa jana'iza tun wajen 1979 kuma bai tashi daga zaman makoki ba.

Wanda ya fi wahalar ture hujjarsa shi ne ɗan sandan asali. Ko wace waƙa aka sa, zai ɗaga yatsa ya ce sata ce, kuma sau da yawa da gaskiyarsa. Farkon "Johnny B. Goode" na Chuck Berry a 1958 ya bi sawun abin da Carl Hogan ya buga a wata waƙar Louis Jordan tun 1946. Willie Dixon ya kai Led Zeppelin ƙara a 1985 kan "Whole Lotta Love", aka sasanta, sunansa ya shiga cikin marubutan waƙar. Baƙaƙen fatar Amurka da suka gina kiɗan bulus sun daɗe cikin halin kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi, kuma wannan ba abin dariya ba ne. Inda ɗan sandan ke zarce gona da iri shi ne zaton duk kamanni sata ce. Tsirkiya shida ce, sautuka goma sha biyu ne, dole ƙafa ta taka sawun wata. Kotun Amurka ma ta wanke Led Zeppelin a 2016 kan farkon "Stairway to Heaven", aka tabbatar da hukuncin a 2020. Ƙorafinsa dai ƙara wa batun ƙarfi yake: abin da ake ɗauka a tafi da shi cikin sauƙi haka, ai ba mai nauyi ba ne.

Za a iya cewa, idan tsautsayi ne da sauƙi, me ya hana kowa yi? Tambaya ce mai kyau. Mutane nawa suka yi minshari a kan kaset, ba wanda ya tashi da "Satisfaction". Amma abin da Richards ke da shi kunne ne wanda ya ƙoshi da faya-fayan Chuck Berry da Muddy Waters, ya san tsintuwa idan ya gan ta, ya kuma san inda zai yi shiru tsakanin sauti da sauti. Ƙwarewa ce, sai dai ba irin wadda attajiri zai saya ko sarkin sauri zai ƙirga ba. Saurari "Back in Black" ta AC/DC: rabin daɗinta a wuraren da ba a buga komai ba ne.

Shi ya sa mutum biyun da ake wa dariya suka fi kusa da gane abin. Ɗaya shi ne mai kaɗa iska, wanda ba shi da jita sam, yana durƙusawa yana lanƙwasa yana tsinkar abin da babu. Kada a raina shi: tun 1996 ake gasar duniya ta wannan sana'a a garin Oulu na Finland, har da alƙalai masu ba da maki. Ɗayan kuma ɗan kallon ƙwallo ne. Jack White ya buga sauti bakwai na "Seven Nation Army", waƙar da ta fito a 2003, a jita, ya bi da su ta wata na'ura da ta saukar da su ƙasa har ake zaton jitar bes ce. Magoya bayan Club Brugge na Beljiyam suka ɗauka, 'yan Italiya suka karɓa suka raka ƙungiyarsu da shi har ta ci kofin duniya a 2006. Yau dubban mutane na rera shi da baki a filayen wasa, ba jita, ba amfilifaya, ba kalma ko ɗaya. Tare ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi wa ya ƙaga, zai ce maka waƙar kulob ɗinsu ce.